Yadda Ake Saukar da Kwamfuta a Unguwar Intanet Ba Tare da Rigima Ba

Sabuwar kwamfuta baƙuwa ce a unguwa. Sai an ba ta lambar gida, an nuna mata iyakar layi da ƙofar fita, sannan ta iya gaisawa da kowa.

Da farko, sunkuya. Kafin ka ɗaga murya, duba ko kebul a jone yake, ko fitilar rauta na ƙiftawa. Rigingimu da yawa a ƙarƙashin tebur suke mutuwa.

Na biyu, bar mai unguwa ya yi aikinsa. Sunansa DHCP, a cikin rauta yake zaune, shi ke rabon adireshi. Buga ipconfig a Windows, ko ip addr a Linux. In ka ga lamba ta fara da 169.254, baƙuwa ta yi ta sallama ba a amsa ba, ta gaji ta ƙaga wa kanta adireshi, kuma ba inda zai kai ta.

Na uku, in dole sai ka sa adireshi da hannu, kamar na firintar ofis, fara kwafe tsohon saiti a takarda, don ƙwaƙwalwa ba ta da amana ranar ɓacin rana. Adireshin IPv4 lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255. Duk girmanka, 300 ba za ta shiga ba. Na cikin gida, waɗanda aka keɓe tun 1994, suna farawa da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31. Zaɓi lambar da ba ta cikin kason da mai unguwa ke rabawa, domin gida biyu masu lamba ɗaya, saƙo ne ke shan wahala.

Na huɗu, shingen layi, wato sabnet. In ka sa 255.255.255.0, lambobi ukun farko sunan layi ne, ta ƙarshe lambar gida. Gidaje 254 ke nan, 0 da 255 ba a haya. Ƙofar fita kuwa, getwe, adireshin rauta ne, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, kuma dole ya zama layinku ɗaya.

Na biyar, DNS, dattijon da ya san gidan kowa: ka ba shi suna, ya ba ka lamba. Akwai 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare.

Sai gwaji da ping, daga kusa zuwa nesa: 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta, sai rauta, sai 8.8.8.8, sannan sunan wani shafi. Inda amsa ta tsaya, nan cutar take. Lamba ta amsa, suna ya ƙi? Laifin dattijo ne. Rauta ta amsa, waje ya yi tsit? To yanzu kana da hujjar kiran kamfanin sadarwa, amma fara duba ko datarka ce ta ƙare.