Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Faifan DVD

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan bayanka bai karce ba, ina rubuto maka ne kan wulaƙancin da ka yi mini jiya da daddare a gaban surukaina.

Abin da na nema a wurinka bai taka kara ya karya ba. Bidiyon bikin yayar matata yana kan faifan VCD guda biyu, tunda shi yayan naka ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 80. Na ce bari in haɗa su a cikinka, in yi musu allon zaɓi mai maɓalli huɗu: Kamu, Ɗaurin Aure, Yinin Biki, Kai Amarya. Hajiya, surukata, ba ta son ganin rawa, burinta ta danna rimot ta faɗa kan ɗaurin aure kai tsaye. Iyakar buƙatar ke nan.

Na san kai ɗan gata ne. VCD ya zo duniya a 1993, kai ka biyo shi a 1996 daga Japan da hancinka a sama. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, naka 720 da 576. Abin mamaki, ka yarda ka karɓi ƙaramin hoton nasa yadda yake, sai da aka zo kan sauti ka ɗaure fuska. Shi yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kai ka rantse sai 48,000. Manhajar da na samu ta bi umarninka a gaggauce, sai ga muryar liman ta siranta tana gudu, an shafa fatiha kafin a ga ya ɗaga hannu. Wannan na gyara, na kuma yafe.

Allon zaɓin ne ba zan yafe ba. Yayanka yana da nasa tun 1995, wanda ake kunnawa da maɓallin PBC, mutum ya danna lamba ɗaya ko biyu, ya tafi inda ya nufa. Na ɗauka za ka gaje shi. Ina! Kai ba ka jin yarensa, sai an sake gina komai daga tushe a cikin jakar VIDEO_TS, da manyan baƙaƙe don Allah, hoto a fayil ɗin VOB, taswirar hanya a IFO, ga kuma BUP yana gadin IFO ɗin kamar wani zai sace shi. Na gina. Na sa hoton amarya a baya, na ɗora kiɗan ƙwarya yana zagayawa. An ce kana iya ɗaukar maɓalli har 36 a allo ɗaya, ni huɗu kacal na roƙa.

Aka taru a falo, aka shimfiɗa wa yara tabarma. Hajiya ta danna Ɗaurin Aure. Ka yi baƙi, ka yi tunani, ka dawo da mu kan allon zaɓi. Ta sake dannawa, ka sake dawowa, kiɗan ƙwarya ya tashi daga farko. Kamar ɗan acaɓan da ya zagaya da mutum unguwa, ya sauke shi inda ya ɗauke shi, yana miƙo hannu a biya. Da ta gaji ta danna Kamu, sai ka kai mu Kai Amarya, ana ta kuka, ba a ko ɗaura auren ba! Wa ya koya maka wannan? A kwamfuta fa lafiya lau ka yi, kana bin kowane maɓalli cikin ladabi. Sai da ka ga manya sun zauna sannan ka fito da halinka. Hasken da ke nuna inda rimot ya tsaya ma, wanda ka taƙaita wa launi huɗu saboda rowa, ya saje da mayafin amarya har ba wanda ya san abin da yake dannawa. Surukina bai ce komai ba, ya dai tambayi matata ko ni ne wanda aka ce ya iya kwamfuta.

Sauran laifukanka ba ni da ƙarfin bin su. A goshinka an rubuta girmanka 4.7, kwamfuta ta ce 4.38. Kana da ɗan'uwa mai alamar ragi da mai alamar ƙari, injin gidanmu yana gaba da ɗaya daga ciki. Ana ɗauke wuta ana cikin buga ka, ka mutu murus, kuɗina ya bi ruwa.

Yau da safe kuma ƙanwar Hajiya ta bugo waya daga Amurka, wai a aika mata nata. Can talabijin ɗinsu NTSC ne, namu PAL, su hoto kusan 30 a daƙiƙa, mu 25, tsayin allonsu 480. Ma'ana in sake gina allon zaɓin nan tun daga farko, maɓalli bayan maɓalli. Na ce mata layin ba ya da kyau.

Naka, wanda ba ya gaishe ka,
Wani suruki a Kano