Ajiya Mai Cin Dusa

Cikin duk ajiyar da Bahaushe ke bai wa ɗan'uwansa, babu mai tona halin mutum irin ajiyar dabba. Kuɗi in ka bayar, ƙarƙashin katifa za su kwana, ba sa kuka, ba sa zawo. Buhun gero ma iyakarsa fama da ɓera. Rago kuwa safe da yamma yake neman haƙƙinsa, in aka yi jinkiri sai unguwa duka ta ji. Ga shi tafiya ba ta ƙarewa: aikin Hajji, biki a garin surukai, jinya, canjin wurin aiki. Alhaji ya yi dabara ya sayo balaminsa tun da wuri, a kasuwar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, kafin farashi ya haukace. Jirgi ya kusa tashi, sai ya tsaya a tsakar gida ya dubi turke ya ce, "To, wannan fa wa za a bar wa?"

Wanda ya fi saurin karɓa shi ne Malam Ba-Komai. Kafin ka gama bayani ya katse ka: "Haba Alhaji, don wannan har sai ka tako da kanka? Aiko yaro da shi kawai." Bai tambayi abin da ragon ke ci ba, bai tambayi ranar dawowarka ba, kuma wannan rashin tambayar da ya yi maka daɗi shi ne alamar farko da ya kamata ta tayar maka da hankali. Ranar farko shi da kansa ya dama dusa. Rana ta biyu ya ce wa uwargida ta duba. Uwargida ta miƙa wa babban yaro, babban yaro ya miƙa wa ƙaninsa, ƙanin ya miƙa wa almajirin da ke ɗebo ruwa, shi kuma almajiri ya ga igiya tana wahalar da bawan Allah ya kwance shi. Rago ya koma cin abin da bola ta tanada. Wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga dunƙulen leda da mahauta ke zarowa daga tumbin dabba ya san inda irin wannan kiwo ke ƙarewa: ciki ƙato, haƙarƙari a waje. Malam Ba-Komai ba mugu ba ne. Da gaske yake nufin babu komai, har da abinci.

Kishiyarsa a wannan fage ita ce Hajiya mai tausayi, wadda ba ta iya ganin baki yana motsi ba ta sa masa wani abu ba. Sauran tuwon dare na ragon ne. Ƙanzon shinkafa nasa ne. In aka kawo masara daga gona sai ta cika masa kwano, tana cewa, "Ci, ɗan marayan Allah, ubangidanka ya tafi ya bar ka." Ta manta cewa cikin rago an gina shi ne don ciyawa da harawa. Hatsi mai yawa lokaci guda tsami yake yi a tumbi, dabba ta daina tuƙa, gefen hagu ya kumbura, numfashi ya yi nauyi. Daga nan sai a shiga ɗura man gyaɗa da jiƙon kanwa, maƙwabta kowa da tasa fatawar. In Allah ya yi da sauran kwana ya tashi. In kuwa an kai ga wuƙa, za ka dawo ka tarar da Hajiya ta fi ka baƙin ciki, har kai ne za ka koma kana ba ta haƙuri.

Akwai kuma Dakta. Bai taɓa shiga ajin koyon lafiyar dabbobi ba, amma yana da sirinji ɗaya da ya gada, da kwalbar allura da ya saya a kasuwa, wadda rana ta cinye rubutun jikinta. Akuyarka ta yi atishawa sau ɗaya, ta sha allura. Kajinka sun yi hamma, an buɗe musu kafso a ruwan sha. Shi ne mai bai wa kyanwa farasitamol don ya ga ta yi lamo, alhali wannan ƙwaya guba ce ga kyanwa, ko kaɗan ce tana iya kashe ta. Abin dariyar, in ka ce masa a kai awaki rigakafin cutar nan mai sa majina da zawo da gyambon baki, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, take sarrafa allurarta, sai ya taɓe baki ya ce, "Dabba lafiyarta ƙalau a ce za a yi mata allura?"

Waɗannan duk na ɗan lokaci ne. Babban gwani shi ne Kawu na ƙauye, wanda ake kai wa akuya kiwo a kan za a raba 'ya'ya. Mace a birni ta tara kuɗin adashi ta sayi jar akuya, gidan haya babu fili, sai a sa ta a mota a kai wa Kawu. Lissafin a baki mai daɗi ne. Cikin akuya wata biyar ne, kuma jar akuya ba ta ƙyashin tagwaye, don haka mai ita tana kwance tana ƙirga garke. Bayan shekara uku ta je ganin dukiya.

"Kawu, ina awakin namu?"

"Ai 'yar nan, sai dai haƙuri. Haihuwar fari ɓari ta yi. Ta biyu ta haifi ɗaya, kura ta ɗauke."

"Wancan ɗan jan fa, mai kama da ita?"

"Wannan ai na tawa ce. Ubansu ɗaya, shi ya sa."

Kurar garin Kawu tana da ilimi. Cikin awaki ashirin da ke kwana a shinge ɗaya, ta san wadda mai ita ke zaune a Kano, kuma ita kaɗai take so. Annoba ma haka, ba ta taɓa kuskuren shiga jikin akuyar gida. In ka ce a nuna maka fata a matsayin shaida, sai a ce kare ya ja. Ga shi fatar jar akuyar Sakkwato ba abin yarwa ba ce, ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka a Maroko ake yin ta. Karen ma ya san abu mai daraja.

Kuma kada ka ce za ka kai Kawu ƙara. Duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ji hukuncin: wanda aka ba ajiya in ya ce ta halaka, maganarsa ake karɓa, ba ya biya sai in ya yi ta'adi a kanta. Hukunci ne mai hikima, don in ba haka ba babu mai yarda ya riƙe wa wani ko allura. Sai dai Kawu, wanda bai haddace babin tsarki ba, wannan mas'alar ya riƙe ta daram. Ni a ganina Fulanin Nijar sun fi mu gaskiya da al'adarsu ta habbanaye: a ba mutum aron karsana, ta haihu a hannunsa, 'yan maruƙan su zama nasa, a mayar wa mai ita uwar. Tun farko an san na wane ne, don haka babu buƙatar a gayyato kura ta yi rabo.

Ɗan tattabara ba ya buƙatar dogon bayani. Kada ka bar wa mai tattabaru tattabarunka. Zai kula da su fiye da kai, gero mai kyau, ruwa mai tsabta, amma kafin ka dawo ya haɗa namijinka mai tsada da tamatarsa, ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana 18, kuma waɗanda ka karɓo in ka sake su da safe, da la'asar suna kan rufinsa. Zai ce maka, "To Yaya, ni na kira su?"

Da kare kuwa lamarin ya sha bamban, don shi babu mai cewa "ba komai". Maƙwabcin da zai karɓi shanunka biyu da fara'a, ka ambaci kare sai ya tuna matarsa ba ta da lafiya. A Amurka kuwa kula da karen wani sana'a ce sosai. Tun 2011 aka kafa kamfanin Rover a birnin Siyatil, mutum ya shiga manhaja ya zaɓi mai zagayawa da karensa, ya karanta abin da wasu suka ce a kansa, ya biya. A Ingila, tun 2018 mai karɓar karnukan mutane su kwana a gidansa don kuɗi sai ya nemi lasisin ƙaramar hukuma, a zo a duba gidan, a ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar. A nan kuwa zaɓinka biyu ne. Na farko maigadi, wanda ya fi ɓarawo tsoron karen, yana cilla masa abinci ta saman ƙofar keji da doguwar sanda, wata guda kare bai taka ƙasa ba. Na biyu yaron unguwa mai sha'awar farauta, wanda ya daɗe yana kallon karen nan yana haɗiyar yawu. Shi zai zagaya da shi, har ya wuce yadda ka nema. Ka bar Bingo mai ƙiba mai cin shinkafa da kifi, ka dawo ka tarar da wani siriri mai tabo a kunne, an sake masa suna, ka kira shi ya dube ka ya kau da kai, yaron ya yi fito ɗaya ya tashi a guje.

Sai gidan da ƙauna ta yi wa yawa. An kai rago ajiyar wata ɗaya, yara sun raɗa masa suna, suna yi masa wanka da sabulun wanki, sun ɗaura masa tsumma ja a wuya, autan gidan ba ya cin abinci sai a gabansa. Ran jajibiri ka aiko a tafi da shi, sai ka ji gida ya kaure da kuka, maigidan ya fito yana sosa ƙeya: "Alhaji, ko za ka sayar mini da shi ne, in biya a hankali?" An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma wanda ya faɗi haka bai ja rago ta gaban yara shida masu birgima a ƙasa ba. A irin wannan gida ne kuma yara kan fita da rago karo don a san nasu ya fi na layin baya, ya dawo da karyayyen ƙaho yana jini, malam ya duba ya ce wannan bai isar wa layya ba.

Wanda kowa ke zagi shi ne Malam Mai-Lissafi, kuma shi nake so in kare. Shi ne wanda ranar da ka dawo, kafin ka gama raba dabino da zamzam, zai zaro takarda daga aljihu: dusa kwano kaza, harawa dami kaza, kowa, kanwa, igiya biyu da ya tsinka, zogalen maƙwabciya da ya cinye aka biya, ladan yaro mai shara. Za ka ji ranka ya ɓaci, ka shiga gida kana cewa zumunci ya mutu. Amma leƙa ka dubi ragon. Gashinsa na sheƙi, ƙahonsa biyu cif, yana tuƙa hankali kwance. Cikin duk mutanen nan shi kaɗai ya san abin da dabbar ta ci, don shi kaɗai ya rubuta. Laifinsa ɗaya, bai faɗi farashi tun farko ba, kuma wannan laifin ku biyu ne, don kai ma kunya ta hana ka tambaya.

Da yake an zo kan mai dabba, shi ma ai iri-iri ne, kuma ba a cika ba da labarinsa ba don shi ke riƙe da bakin magana a majalisa. Akwai mai cewa "kwana biyu zan yi", ya ajiye rabin kwanon dusa, ya tafi tun kaka sai ga shi da damina. Akwai mai kira daga Makka ta WhatsApp, bai tambayi lafiyar iyalinka ba ya ce a juya kyamara ya ga ragon, a zagaya ta baya, a ɗaga wutsiya, "kamar ya faɗa, ko idona ne?" Akwai wanda ya san dabbarsa na tunkuyi, ya yi shiru, sai da ta kai surukar mai gida ƙasa ya ce, "Af, na manta ban faɗa muku ba." Akwai kuma wanda ya kawo akuya tana tari, ya san tana tari, ta shafa wa awakin gidan duka, nasu suka mutu tasa ta warke, ya zo ya kama igiyarsa ya ce Allah ya saka da alheri. Irin waɗannan ne suka sa wasu gidaje da sun hango mutum da igiya a hannu sai a ce maigida ya fita.

In ana neman wanda za a bar wa dabba, ni nawa zaɓin tsohuwar nan ce ta ƙarshen layi, mai awaki uku da suka shekara goma a hannunta, wadda za ta yi maka tambayoyi har ka gaji: me yake ci, an yi masa rigakafi, yaushe za ka dawo, in ya kwanta wa za a kira, nawa ka bari. Ka amsa mata duka, ka kai buhun dusa da harawa da hannunka, ka ba ta ladanta a gaban mutum biyu. Kai kuma mai karatu, in akwai ragon wani ɗaure a gidanka yanzu haka, ajiye wannan ka je ka duba ko da ruwa a bahonsa.