Bincike Kan Mafarin Ƙarfin Bugun Golf, Tare Da Bayanin Abin Da Ya Sami Tukunyar Koko A Aboabo

Masana motsin jiki sun daɗe da haɗuwa a kan cewa ƙarfin da ke tura ƙwallon golf ba a damtse yake zaune ba, duk da cewa mai kallo hannuwa kawai yake gani suna lilo da sanda. Bisa dokar wasan, nauyin ƙwallon ba ya wuce giram 45.93, faɗinta kuma ba ya gaza milimita 42.67, amma ƙwararrun 'yan wasa na Amurka suna isar da kan sanda gare ta da gudun kimanin kilomita 180 a awa, ita kuwa ta tashi da gudun da ya kusa kilomita 270 a awa. Haɗuwar sanda da ƙwallo tana ɗaukar kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, lokacin da bai isa a gyara komai ba, balle a yi da-na-sani, saboda haka duk abin da jiki zai bayar dole ne ya riga ya tara shi, ya jera shi, ya kuma miƙa shi kafin wannan ƙiftawar.

Wasan ba baƙo ba ne a Kumasi, domin birnin yana da filin Royal Golf Club mai ramuka 18, kuma Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na II, wanda ya hau karaga a 1999, sananne ne wajen son wasan, har akwai gasar da ake bugawa da sunan sarautarsa. A Zongo kuwa, wadda ta bunƙasa bayan shigar Turawan Ingila birnin a 1896, lokacin da fataken goro da tsofaffin sojoji daga arewa suka yi ta kafa gidaje, ba da ƙaramar ƙwallo ake auna ƙarfin namiji ba, da huhun goro da buhun masara ake auna shi. Mai wannan rubutu, malamin makaranta mai ritaya da ke zaune a unguwar Aboabo, wanda likita ya umarta da motsa jiki saboda tumbin da ya riga shi shiga kowane ɗaki, ya ga ya dace a gwada maganar masana a ƙasar Zongo kanta. Ya sayi sandar ƙarfe guda a wajen masu gwanjo a kasuwar Kejetia, mai lamba 7, wato matsakaiciya a cikin sanduna 14 da doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka, sannan ya gayyaci ɗan ƙanwarsa, wanda ke ɗaukar wa 'yan golf jaka a ƙarshen mako, a matsayin mai taimaka wa bincike. An zaɓi filin ƙwallon ƙafa na wata makarantar unguwa, da safiyar wata Asabar ta hunturu, bisa lissafin cewa babu kowa a waje. Lissafin bai yi la'akari da yaran Zongo ba, waɗanda ke jin ƙanshin abin dariya tun daga kan tabarma.

Mataki na farko a ilimin bugu shi ne ƙasa. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da wanda ya bayar, kuma a kan wannan ƙa'ida ɗan golf yake rayuwa: yana danna ƙasa da ƙafafunsa, ƙasa ta mayar masa da martani, martanin ya hau ta ƙwauri da cinya zuwa ƙugu. Wanda ke bugu da dama yana tara nauyinsa a ƙafar dama yayin ɗaga sanda, sannan ya mayar da shi ƙafar hagu tun kafin sandar ta gama hawa, shi ya sa takalman wasan suke da haƙora a ƙasa. Mai binciken ya halarci filin da silifan alwala. Da ya danna ƙasa kamar yadda littafi ya tanada, ƙasa ta cika alkawarin Newton ba tare da ha'inci ba, sai dai martanin bai samu hanyar hawa cinya ba, ya tsaya a silifan hagu, wanda ya yi tafiyar da ta fi ta ƙwallo nisa a duk rabin farko na gwajin. Wani yaro ya dawo da shi da hannu biyu cikin ladabi, abin da ya fi dariyar sauran ciwo.

Mataki na biyu shi ne murɗa, kuma a nan ne ilimin ya fi zurfi. Yayin ɗaga sanda, kafaɗu suna juyawa kimanin digiri 90, ƙugu kuwa kimanin rabin haka, kuma tazarar da ke tsakanin juyawar biyu tana miƙar da tsokokin ciki da na gefen haƙarƙari, ta yadda idan suka tashi tsukewa sukan tsuke da ƙarfin da ya fi na tsokar da ba a miƙar ba. Mai koyar da golf ɗan Amurka, Jim McLean, shi ne ya yayata wannan tazara a 1992, ya raɗa mata sunan harafin X, saboda siffar da layin kafaɗu da na ƙugu suke yi idan an dube su daga sama. Abin da McLean bai tattauna ba shi ne jikin da kafaɗunsa da ƙugunsa suka shafe shekaru talatin suna tafiya tare a bayan tumbi ɗaya, har suka manta cewa gaɓoɓi daban-daban ne. Irin wannan jiki idan ya juya, gaba ɗaya yake juyawa, kuma da za a dube shi daga sama, babu harafin boko ko na ajami da zai yi kama da shi. Haka nan bai tattauna babbar riga ba, wadda mai binciken ya sanya domin kare mutuncin ilimi a gaban jama'a, kuma wadda hannunta na dama, bayan an naɗe shi a kafaɗa da kyau, yake zamowa daidai lokacin da sanda ta kai ƙololuwa, ya rufe fuskar mai bugu, ya bar shi yana neman ƙwallo a cikin shadda.

Mataki na uku shi ne jeri, wato tsarin da gaɓoɓi suke bi wajen miƙa wa juna gudu. Ƙugu ne yake fara juyawa, sai ya rage gudu ya miƙa wa ƙirji, ƙirji ya miƙa wa hannuwa, hannuwa su miƙa wa sanda, kuma kowace gaɓa tana fin wadda ta gabace ta sauri saboda ta fi ta sauƙin nauyi. A littafin da Alastair Cochran da John Stobbs suka wallafa a 1968, an kwatanta hannu da sanda da lilo biyu da aka haɗa a wuyan hannu, inda aka nuna cewa wuyan hannu yana riƙe lanƙwasarsa har kusan ƙarshe kafin ya saki. Duk saukowar ba ta fi kimanin rubu'in sakan ba. Mai faskare a bakin kasuwar Asawase yana yin wannan aiki kullum ba tare da ya karanta Cochran ba, domin gatarinsa ne yake zuwa a ƙarshe, bayan ƙafa da ƙugu sun gama nasu, kuma shi ya sa siririn dattijo yake tsaga kututturen da ƙaton saurayi zai wuni yana yi wa susa.

Mai binciken ya san wannan jeri da ka, har yana iya karanta shi daga ƙarshe zuwa farko, kuma bisa shaidar waɗanda suka halarta, daga ƙarshe zuwa farkon ya aiwatar da shi. Hannuwa suka riga kowa sauka, ƙirji ya biyo su a guje, ƙugu kuwa bai samu labari ba sai bayan an gama. Sakamakon ya kasu gida biyu: ko dai sanda ta wuce ta saman ƙwallo ta bar ta zaune lafiya, ko kuma ta nutse a jar ƙasa tun kafin ta iso, ta watsa wa 'yan kallon sahun gaba ƙura. Mai taimaka wa binciken ya bayyana cewa a dokar wasan duk lilon da aka yi da niyyar bugu ana ƙirga shi bugu ne ko da iska aka doka, bayanin da babu wanda ya tambaye shi.

"Kawu," in ji shi daga baya, cikin muryar wanda ke tsoron a kai ƙararsa wajen uwarsa, "ku sassauta riƙon. Ba akuya ba ce, ba za ta gudu ba."

Shawarar tana da tushe a ilimi, domin matse sanda da ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu, ya hana lilo na biyu sakin gudunsa. An karɓe ta, an kuma aiwatar da ita fiye da kima, sandar ta kuɓuce ta bi sararin sama tana juyi, yara suka watse, wata tunkiya da ke kiwo a gefen raga ta bar unguwar.

A nan ne binciken ya kai ga sakamakonsa mafi muhimmanci. Da gajiya ta kama mai binciken, damatsansa suka mutu, ya tuɓe babbar riga, ya cire silifa ya tsaya da tafin ƙafa a ƙasa, ya yi niyyar lilo na ƙarshe don kawai a tashi. Da yake hannuwan ba su da sauran ƙarfin yin shisshigi, ƙugu ya samu damar farawa, ƙirji ya bi, sanda ta zo a ƙarshe, aka ji wata ƙara siririya mai daɗi wadda ba a taɓa ji ba a Aboabo. Ƙwararru suna kai fiye da mita 150 da irin wannan sanda, filin kuwa bai kai mita 100 ba, kuma an zaɓe shi ne bisa kyakkyawan zaton cewa ƙwallon ba za ta taɓa ganin ƙarshensa ba. A bayan katangar filin akwai wata Hajiya da ta shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai, kuma a daidai wannan lokaci ta buɗe babbar tukunyarta ta alminiyam, tururin gero da citta da kanumfari yana tashi, ludayi yana hannunta, mutane sun yi layi da kofuna. Mai taimaka wa binciken ya ƙwala kalmar gargaɗin da 'yan golf suke ƙwalawa da Turanci domin jama'a su sunkuya, amma da yake babu wanda ya san ta a layin, sai kowa ya ɗaga kai. Ta haka aka samu shaidu masu yawa a kan cewa ƙwallon ta sauka a tsakiyar tukunya ba tare da ta taɓa baki ba. Ramin golf faɗinsa milimita 108 ne kacal, bakin tukunyar ya ninka haka sau da yawa, amma duk da haka mai binciken yana ganin an tauye masa haƙƙi da ba a rubuta masa ita a matsayin shiga rami da bugu ɗaya ba.

Hajiyar ta iso filin da koko har a gira. "Malam, da girmanka?" in ji ta, kuma ba ta ƙara komai ba sai a gaban limamin unguwa, inda aka zauna bayan azahar. Mai binciken ya gabatar da Newton da McLean a matsayin waɗanda suke da hannu a lamarin, liman ya tambaya ko suna Kumasi, da aka ce ɗaya ya rasu ɗaya kuma yana Amurka, sai aka yanke cewa wanda yake nan shi zai biya kuɗin tukunya guda ta koko, da wankin rigunan mutum huɗu, da cigiyar tunkiya.

Sauran bayanin ya shafi ƙashin baya, wanda likitocin wasanni suka tabbatar yana cikin wuraren da 'yan golf suka fi jin ciwo, saboda ƙasan gadon baya an gina shi ne don lanƙwasa gaba da baya, juyawarsa kaɗan ce, kuma idan kwatangwalo da saman baya suka ƙi juyawa, shi ake tilasta wa biyan bashinsu. Mai binciken ya tabbatar da wannan da asubar Lahadi, lokacin da ya yi ruku'u ya kasa ɗagowa sai da taimakon maƙwabcinsa na sahu, kuma tun daga ranar yake salla a kan kujera, uwargida tana gasa masa baya da ruwan zafi da man kaɗanya, tana kuma yi wa kalmar bincike wani irin furuci da ba a rubuta shi. Hajiya ta riƙe ƙwallon a matsayin jingina. Sandar mai lamba 7 tana nan lafiya, ba ta da ko kwarzane in ban da jar ƙasa a kanta, kuma duk mai sha'awar ci gaba da wannan bincike yana iya neman ta a Aboabo bayan la'asar, farashinta daidai da ragowar kuɗin koko.