Ma'aunin Motar Alfarma a Ƙasar Dutse

Motocin gudu sun kasu gida biyu: akwai masu matsakaicin matsayi irin su Ford Mustang da Porsche 911, waɗanda mai hali zai iya hawa kullum, akwai kuma na ƙololuwa irin su Lamborghini da Bugatti, waɗanda ake ƙera 'yan kaɗan da gangan domin kada ido ya saba da su. Masana suna auna su ta fuskar gudu da daraja da kuɗin kulawa, kuma kowace fuska tana da nata hukunci a Dutse.

Ta fuskar gudu, Bugatti Chiron da aka fitar a 2016 tana da inji mai silinda 16, wato ɗakunan da mai ke ƙonewa a cikinsu, tana kuma iya cin kilomita 420 a awa ɗaya. Sai dai cikin irin wannan mota ya kusa shafar ƙasa, saboda haka kowane tudun rage gudu tsakanin Dutse da Shuwarin yakan tilasta mata tsayawa ta haura a karkace, yayin da tsohuwar Golf mai ɗauke da fasinjoji da buhunan gero take wucewa tana yi mata ham. Wannan ba ya damun mai motar, domin manufarsa ita ce a gan shi, shi ya sa yakan rage tafiya a gaban majalisar abokai, ya taka totur har inji ya yi ruri, sannan ya zagayo sau uku ko da akwai wanda ya tafi alwala bai shaida ba.

Ta fuskar daraja kuwa, ƙimar mota a wajen dangi tana ga yawan mutanen da take kaiwa biki da ta'aziyya, alhali motar ƙololuwa kujera biyu gare ta. Duk wanda ya bar gwaggonsa a ƙofar gida ranar da za a tafi gaisuwa Jahun, da hujjar babu wurin zama, ya yi asarar abin da miliyoyin da ya kashe ba za su dawo masa da shi ba, domin kafin la'asar zuri'a kaf ta ji cewa wane ya sayi motar rowa.

Kuɗin kulawa shi ne babin da ba a karantawa a bainar jama'a. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tankin Chiron mai cin lita 100, wanda take iya shanyewa cikin ƙasa da minti 10 idan ta ƙure gudu, ya zama abin da ake tunkara da istigfari. Idan ta ƙi tashi, bakanike yakan zagaya ta cikin ladabi, ya ɗauki hoto da ita, sannan ya bayyana cewa ko a Ƙofar Ruwa ta Kano babu kayan gyaranta. Daga nan sai a lulluɓe ta da tamfol, maigida ya koma Corolla ɗin uwargida, duk wanda ya tambaya kuma a shaida masa cewa motar tana sabis, amsar da kan yi shekara biyu ba ta tsufa ba.