Isnadin Tamaula a Mararaba

Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun tabbatar wane ya ji daga bakin wane; amma a Mararaba, garin nan da yake kwana a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ya wayi gari cikin cunkoson motocin Nyanya a hanyarsa ta zuwa Abuja, akwai wani fanni wanda ba a sanin malamansa sai almajiri ya yi arziki, watau ilmin tamaula.

A kusan kowace unguwa akwai wani bawan Allah da ake kira Koci, wanda an daɗe da mance sunansa na yanka, wanda tun gashinsa yana baƙi wuluk har furfura ta game shi yake tara yara bayan la'asar a filin firamare, ko a wani kango da mai shi bai sami kuɗin gini ba tukuna, da usur a wuya da ƙwallo mai faci a hammata, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai sayen ruwan leda, shi ne kuma mai gyaran targaɗe. Ladan da yake samu a da sananne ne: uba ya zo da dorina ya fizge ɗansa, yana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka bar lalata mana yara. Wa ka taɓa gani ƙwallo ta yi wa rana?"

To, da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, sa'an nan yaran Manu Garba suka lallasa Meziko da ci 3 da nema a Abu Dhabi a 2013, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, sai fatawa ta sauya. Yanzu uba da kansa yake jawo hannun yaro, ya rusuna ya ce, "Koci, ga ɗanka nan, amana, shekararsa sha shida cif," alhali kuwa wannan ɗa mai albarka ya daɗe yana sha shida, har wanzami ya san haɓarsa. Wannan karama ce ta sa hukumar FIFA, tun 2009, take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, domin ƙashi bai iya zuwa kotu ya yi rantsuwa ba.

Ran da Allah ya nufi wani yaro da samun kulob a Turai, ran nan silsila take cika maƙil. Kawu ya tuna shi ya sayi takalmin farko, mai shayi ya ce bashin madararsa ne ya gina cinyar, mai gidan kallo ya ce a kan bencinsa aka koyi yanka, ɗan siyasa ya iso da mai hoto. Uban kuwa, bayan ya gyara zaman hula, sai ya shaida wa jama'a cewa dorinar nan tasa ita ta koya wa yaro gudu, kuma babu mai musa masa, don gaskiya ce.

Koci ma ba a mance da shi a walimar da aka shirya ba. Da aka duba aka ga shi kaɗai ke da usur, sai aka sa shi a bakin titi yana nuna wa motocin manyan baƙi wurin tsayawa.