Yadda Ake Ɗinka wa Jarumin Wasu Riga a Fim

Duk saurayin Kekun Waje da ya taɓa kai wayarsa shagon caji a Bungudu ko Gusau, ya ce a tura masa fim na yaƙi mai fassarar Hausa, ya san William Wallace na Sikotland, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne mai shuɗin fenti a fuska a Braveheart na 1995. Amma Owain Glyndwr, wanda ya tayar wa Ingila tawaye a Wales a 1400 har ya kira majalisar ƙasarsa, ba shi a memorin kowa, domin Holiwud ba ta yi masa irin wannan hidima ba.

Da Amurkawa suka waiwayi Wales a 1941, sai John Ford ya yi How Green Was My Valley, labarin masu haƙar gawayi. An gina ƙauyen Wales ɗin sukutum a duwatsun Kalifoniya, aka cika shi da 'yan wasa galibi 'yan Ailan da Ingila. Fim ɗin ya ci Oska, mutanen Wales kuwa suka zauna suna jin kakanninsu na magana da karin harshen maƙwabta.

Aikin ɗinka wa jarumin wasu riga yana da tsari. Da farko a cire wa jarumi harshensa, sannan a sake masa tufafi, daga baya a nemo masa soyayya. Mu ma an yi mana. A 2021 Netflix ta saki Amina, na darakta Izu Ojukwu, inda Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar Zazzau. 'Yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake kiran ganuwar garuruwa da sunanta, ta buɗe baki tana ba mayaƙa umarni da Turanci. Tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000. Wannan mulki ne na fatauci da haraji da hanyoyin ayari, kuma shi ya kamata a gani da idanu: jakuna da lodi, Madugu a gaba, ƙura ta tashi. Abin da ya fi cika allo shi ne sara da suka, da sutura wadda tsohuwar Bazazzagiya za ta ce a rufa wa yarinyar nan zane. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin yaron da ya kalla ya ɗauka haka Amina take.

Sarauniyar Lugu ta Nijar, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ta fi samun mutunci a fim ɗin da darakta Med Hondo ya yi a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, 'yar can ce kuma, Aï Keïta, ta hau matsayin.

In fim za a yi, Zamfara na da 'Yargoje, sarauniyar da tarihin baka ya ce ta yi mulki daga Kuyambana, ga malaman 'Yandoto a ƙasar Tsafe, ga dutsen Kwatarkwashi da ba ya buƙatar a gina kwaikwayonsa a ko'ina. Adamu Halilu ya riga ya nuna hanya tun 1976, da ya ɗauki littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Shaihu Umar, da Hausa tun daga farko har ƙarshe, da rawani da alkyabba irin na masu labarin.