Ɗan Haya a Dutse: Asalinsa, Halayensa da Yadda Ake Korarsa

Ɗan haya ya fara yaɗuwa a Dutse ne daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jigawa daga Jihar Kano, ta ce ga hedikwata. Ma'aikata suka wayi gari da takardar canjin wurin aiki a hannu, garin kuwa ba shi da ɗakunan da za su ɗauke su. Daga nan duk mai kango ya zama mai gida. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ɗalibai da malamai suka kwararo, har ɗakin ajiye buhunan gero ya sami ƙarin girma, aka shafa masa farar ƙasa aka sa masa kuɗi.

Neman gida daga dillali yake farawa. Ofishinsa benci ne a gindin darbejiya, kayan aikinsa waya biyu da tarin makullan da shi kansa bai san ƙofofinsu ba. Ba ya tashi sai an ba shi kuɗin ganin gida, kuma mai nema ne zai biya ɗan acaɓa daga Takur zuwa Yalwawa, daga Yalwawa zuwa Ɗanmasara. Idan ya ce gidan a bakin titi yake, to ana jin ƙarar mota in iska ta juyo. Idan ya ce akwai ruwa, rijiyar maƙwabci yake nufi. Kowane gida kuma yana da wani ma'aikacin banki da zai kawo kuɗi bayan la'asar. Ba a taɓa ganin mutumin nan ba, amma babu wanda ya kai shi tsadar da gidaje a garin.

Sai zaman tantancewa a gaban mai gida. "Malam, kana da iyali?" Gwauro ba ya samu, saboda baƙin da ake zaton zai riƙa yi. Mai 'ya'ya bakwai shi ma ba ya samu, don za su zane bango da gawayi su cika masai. Wanda ake so shi ne mai mata ɗaya marar son daka, albashinsa tsayayye, danginsa nesa.

Albashi wata-wata yake zuwa, amma haya ta shekara ake biya a dunƙule. A kanta akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin takardar yarjejeniya, da kuɗin ajiya na abin da ɗan haya zai lalata a gidan da ya tarar a lalace. Game da silin da ya rufto da famfon da ba kai, amsa ɗaya ce: "Ka shiga, za a gyara." Ruwan farko na damina ne yake bayyana wanda zai gyara. Ɗan haya ya gaji da jera robobi a tsakar ɗaki, ya kira kafinta, bisa alkawarin za a cire a kuɗin baɗi. Baɗi ta yi, mai gida ya leƙo, ya ga sabon kwano da fenti, ya tabbatar gidan ya ƙara daraja, ya ƙara kuɗi. Hujjarsa siminti ya tashi, kuma an cire tallafin mai a 2023, ko da yake tun kafin a haifi babban ɗansa aka gama ginin.

A gidan haya mai mita ɗaya, taron rabon kuɗin wuta shi ne babbar majalisa. Ana ƙirga ƙwan fitila da fanka ɗaki-ɗaki. Ranar ƙirgar babu mai dutsen guga, babu mai hita. Suna ƙarƙashin gado an lulluɓe su da zani, amma kowa ya fito da kaftani a goge, kari kamar reza. Ruwa kuwa yana hannun 'yan garuwa, waɗanda farashin jarkarsu ke hawa da zafin rana.

Abin da ya bambanta ɗan hayar Dutse da sauran shi ne ƙaura ta mako-mako. Ana idar da sallar Juma'a tasha take cika, wasu Kano, wasu Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Ringim, sai Litinin da hantsi. Ya biya kwana bakwai, ya kwana huɗu, ragowar ukun sadaka ce ga ɓeraye. Ƙanƙantar garin kuma ta hana ɓuya. Mai bin bashi da wanda ake bi sahu ɗaya suke a masallaci, tabarma ɗaya a wurin ɗaurin aure. Mai gidan ma sau da yawa ma'aikaci ne, wayarsa da ta ɗan hayarsa tare suke ƙara a ƙarshen wata, don haka gaisuwar asuba takan zo da ƙari: "An tashi lafiya? Na ji an ce abin ya shiga."

Zaman yakan ƙare da notis, dalilin kuma kusan kullum ɗaya ne: yaron gidan zai yi aure. Yaron yana aji uku a sakandare. Ranar tashi mai gida yana zagayawa da tocila tsakar rana, yana ƙirga ramukan ƙusa a bango, a waje kuma dillali na tsaye da sabon mai nema. Kuɗin ajiya ba a mayarwa.